Gwajin kumburi ga mai ciwon ƙoda: wanne za a biya wa kuɗi?

Wanda ciwon ƙoda ya daɗe a jikinsa yakan kasance da wani ɓoyayyen kumburi a cikin jini, daban da na ƙafa ko fuska. Shi ke lalata hanyoyin jini, ya ƙara haɗarin ciwon zuciya, ya hana allurar ƙarin jini aiki sosai. Auna shi na da amfani, sai dai magani da wankin ƙoda sun riga sun cinye aljihu.

A ganina a fara da FBC, gwajin da ke ƙirga ƙwayoyin jini. Dama ana yi wa mai ciwon ƙoda shi a kai a kai saboda ƙarancin jini. Abin lura, a tabbatar ɗakin gwajin zai rarrabe fararen ƙwayoyin jini kala-kala, ba jimilla kaɗai ba. Idan aka raba adadin nutrofil da na limfosait (kala biyu ne na fararen ƙwayoyin jinin), sai a sami abin da likitoci ke kira NLR, ba tare da ƙarin ko sisi ba. A lafiyayyen mutum yakan tsaya tsakanin 1 da 3, kumburi kuma na ɗaga shi.

Amma fa yana da tarko. Maganin prednisolone na ƙara nutrofil ya rage limfosait, sai lambar ta yi sama. Zazzaɓin cizon sauro ko wata cuta ma na birkita ta. Sannan yawancin mutanen Afirka ta Yamma an haife mu da nau'in jinin da ba shi da alamar Duffy, kuma masu irin wannan jini nutrofil ɗinsu kan yi ƙasa da na Turawa alhali lafiyarsu ƙalau. Shi ya sa gwara likita ya kwatanta sakamakonka na yau da naka na baya, maimakon dogaro da ma'aunin da aka samo daga wata ƙasa.

Wani gwajin kuma shi ne na CRP, sinadarin da hanta ke fitarwa idan akwai kumburi. Cikin sa'o'i yake tashi, yakan kai ƙololuwa wajen kwana 2, ya sauka da zarar abin ya lafa. Kuɗinsa daban ne, amma ya cancanta idan akwai zazzaɓi ko ana zargin robar wankin ƙoda ta kwaso cuta.

ESR, gwajin da ke auna saurin kwanciyar jajayen ƙwayoyin jini a kwalbar gwaji, na da araha, sai dai ƙarancin jini kaɗai na ɗaga shi, mai ciwon ƙoda kuwa da wuya ya rasa wannan. Sau da yawa kuɗin banza ne. Gwajin IL-6 kuma, wani sinadarin kumburi a cikin jini, a bar wa masu bincike, tsadarsa ta fi abin da zai ƙara wa likitanka.

Duk cikinsu babu mai nuna matakin da ƙodar ta kai, wannan aikin gwajin kiriyatinin ne (dattin da ƙoda ke tacewa daga jini) da na furotin a fitsari, kada a rage kuɗinsu. Mai wankin ƙoda ya bari a ɗebi jininsa kafin a jona shi da na'ura, domin nutrofil kan faɗi na ɗan lokaci a farkon wankin.