Matatar RC ko saurin ɗaukar samfuri?

Idan Arduino (ƙaramin allon kwamfuta mai sarrafa kayan lantarki) na karanta sigina sau 60 a daƙiƙa, gurnanin wutar gida mai hertz 50 (kaɗawa sau 50 a daƙiƙa) zai shigo da kamannin hertz 10, kuma babu manhajar da za ta iya tantance shi daga baya. Dokar Nyquist ke nan: dole saurin ɗauka ya zarce ninki biyu na mafi girman mita (yawan kaɗawa a daƙiƙa) da ke cikin siginar.

Matatar RC, wato resista da kafasita da ake haɗawa kafin sigina ta shiga Arduino, tana tare ɓarnar tun a ƙofa. Resista mai ohm 10,000 (10k) da kafasita mai microfarad 1 (1µF) suna fara rage duk abin da ya haura hertz 16, amma a hankali suke yankewa.

Ƙara saurin ɗauka, sannan a tace da lissafi, ya fi kaifi, sai dai yana cinye lokacin na'ura, kuma mitar da ta haura rabin sabon saurin za ta ɓuya ta shigo. Ni dai matatar RC nake fara sakawa.