Bodin tirela mai tsawon ƙafa 40 da na saya: abin da ya same ni a hanyar Dandume

Shekara ta biyu ke nan ina aikin dakon kaya da mota ɗaya, kan DAF mai taya shida, kuma yawancin abin da nake ɗauka hatsi ne daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau. Da na tashi sauya bodi, sai na je wurin wani mai ƙera bodin tirela da ake yabo a garinmu, na gaya masa irin aikina dalla-dalla. Bai tambaye ni ƙarfin kan motar ba, bai tambayi hanyoyin da nake bi ba, ya ce in ɗauki mai ƙafa 40 mai layin taya uku, domin a cewarsa babban bodi ba ya rasa lodi. Kuɗin da na biya duk ɗan harka ya san shi.

A kakar bara wani ɗan kasuwa ya ba ni aikin kwaso masara buhu 300 daga wani ƙauye da ke bayan Dandume. Mun shiga lafiya saboda motar babu kaya, aka yi lodi har la'asar, sannan muka kamo hanyar fitowa. Akwai wata kwana a bakin ƙauyen inda hanya ta matse tsakanin katangar gida da kwalbati, wadda tsohon bodina yake wucewa ba tare da direba ya yi tunani ba. Dogon bodi kuwa tayoyinsa na baya ba sa bin sawun na gaba, suna yanko kwana ne ta ciki, kuma gwargwadon tsawonsa gwargwadon filin da yake buƙata. Direbana ya buɗe iyakar yadda zai iya, amma tayoyin dama suka sauka daga kan kwalbatin, ƙasar kuma ba ta gama bushewa daga damina ba, sai bodin ya kwanta gefe da tan 30 a kansa.

Kwana uku muka yi a wurin. Sai da na ɗauki leburori suka sauke buhunan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi hayar ƙananan motoci suka yi jigilarsu zuwa bakin titi, na kuma nemo motar da za ta jawo mu daga Funtuwa. Sifirin biyu suka karye, taya ɗaya ta fashe, mutanen ƙauyen kuma muka tare musu hanya har ranar kasuwarsu. Mai unguwa ya nuna mana karamci, ya ce: "Alhaji, tsautsayi ne, Allah ya kiyaye gaba." Amma kunyar da na ji a gabansa, da kuma a gaban mai kayan da ya yi ta kira yana jiran masararsa, ta fi mini asarar kuɗin ciwo. Tun daga ranar bai sake ba ni aiki ba.

Abin da na gane a bakin kwalbatin nan shi ne hatsi nauyi gare shi, ba cin wuri ba. Buhu 300 na masara mai kilo 100 ya riga ya kai tan 30, haka ma siminti buhu 600 mai kilo 50, kuma duk biyun suna cika nauyin da ya kamata mota ta ɗauka tun bodin bai cika ba. Sauran filin da ya rage jarabawa ce kawai, domin 'yan kamasho suna ganin sarari za su matsa a ƙara buhu hamsin, alhali kan motar da birki da tayoyi ne za su biya. Kai mai taya shida ma yana jin jiki da wannan bodi a hawan Okene da ke hanyar Legas, ga shan gas, ga tayoyi 12 na baya da dole a riƙa sauyawa ko an yi lodi ko an dawo fanko.

Gaskiya ba zan ce bodin bai yi mini rana ba. Sau biyu na samu kwantena mai ƙafa 40 daga Apapa zuwa Kano, aikin da gajeren bodi ba zai taɓa samu ba, kuma a kan babban titi yana tafiya a natse, ba ya rawa. Kayan da ba su da nauyi irin su katifa da robobi kuwa nan ne tsawonsa yake biyan kansa. Har na fara cewa wataƙila mai ƙirar yana da gaskiya, laifin hanya ne.

Sai dai a tafiya ta biyu ɗin ce na tarar cewa ɗaya daga cikin makullai huɗu da ke riƙe kwantena bai zauna daidai da ramin kusurwa ba, sai da muka nemi mai walda a Legas ya yanke ya sake ɗorawa kafin a bar mu mu fita. Da na koma wurin mai ƙirar na yi masa ƙorafi a kan makullin da kuma shawarar da ya ba ni tun farko, cewa ya yi kowa da irin direbansa. Wannan magana ta ɓata mini rai ƙwarai, domin direban nan ya fi shekara goma yana jan tirela, kuma na faɗa wa mutumin da bakina cewa aikina na ƙauye ne.

Yanzu na sa bodin a kasuwa, ina neman gajere mai layin taya biyu wanda zai shiga Dandume da Giwa da Maigatari ya fito. Wanda aikinsa kwantena ne tsakanin Legas da Kano, kuma kan motarsa mai taya goma ne, zai iya zuwa mu daidaita, amma wurin wancan mai ƙira ba zan sake komawa ba.