Shagon da na gyara wayata a Farm Centre

Satin da ya wuce Tecno ɗina ta faɗi sikirin ya tarwatse, na nufi Farm Centre nan Kano, abokina ya nuna min wani ɗan shago can ciki, tebur ɗaya da fitila. Mai shagon bai fi shekara 27 ba, ashe ya gama digiri har ya yi bautar ƙasa, ya ce shekara biyu yana yawo da takardu ofis ofis kafin ya haƙura ya zauna gun wani oga ya koyi gyara.

Wallahi aikinsa ya burge ni. Kafin ya taɓa wayar sai da ya ce Yaya cire sim ɗinka da memori, sannan ya ajiye min sikirin kala biyu, orijinal da mai araha, ya faɗi kuɗin kowanne ba ɓoye ɓoye. Ina zaune ya kwance ta, kowane ɗan sukuru yana jera shi kan mayen ƙarfe kar ya ɓata, minti 40 ya gama har ya goge min wajen caji da ƙura ta toshe, bai karɓi ko sisi a kai ba.

Yaransa ne suka ɓata min rai, ɗaya tunda na zo kansa na kan TikTok, sai da ogan ya kira shi sau uku. Ya ce da yawa wata biyu suke yi su gudu wai kuɗi ba ya shigowa da wuri. Ga benci ɗaya tal kuma rana na dukansa. Amma ƙanina zan kai masa bayan sallah in zai karɓe shi.