Jirgin kallon fukma a Hout Bay, ya ci kuɗinsa ko kuwa?

Mutanen Jidda da kuka dame ni da tambaya kan bidiyon fukma (dabbar teku ce da Turawa ke kira seal) da na sa a sitatus, ga bayani. Mu nan Bahar Maliya ba mu da fukma, wadda yaranmu suka sani ita ce ta gidan kifi mai tafi tana ɗora ƙwallo a hanci. To da muka je hutu Afirka ta Kudu ni da baban su Hanan sai muka shiga jirgin ruwan nan da ke tashi daga Hout Bay kusa da Cape Town zuwa tsibirin Duiker, zuwa da dawowa kamar minti 40 ne.

Tsibirin dutse ne zalla kuma ba a sauka, daga cikin jirgi ake kallo, wari kam ba a magana, tun kafin ku iso zai tarbe ku. Amma baccinsu shi ya tafi da ni wallahi. Na kan dutse sun zube kan juna wannan ya yi matashi da wancan, wani ya buɗe baki, ko ƙarar inji ba ta dame su ba. Na cikin ruwa kuwa sai ki ga guda ta kwanta ta gefe ɗaya igiyar ruwa na lilo da ita ta ɗaga hannu ɗaya sama ba motsi, har wata mata a gefena ta ce ai wannan ta mutu. Ashe irin wannan fukmar a ruwa rabin ƙwaƙwalwarta ne ke bacci, ɗaya rabin a farke yake, ido ɗaya na lura da kifin shak hannu ɗaya na ɗan tuƙi kada hanci ya nutse, sai ta hau tudu take samun bacci da duka biyun. Akwai ma 'yan uwansu manya masu dogon hanci a tekun Amurka, binciken 2023 ya nuna awa 2 kacal suke bacci a rana in suna teku, kuma suna nutsewa can ƙasa suke yinsa. Ikon Allah.

Inda ban ji daɗi ba tsayuwar ta yi kaɗan, kina gyara kyamara direba ya juya, ga mutane sun cika gefe ɗaya kowa da wayarsa. Ruwan ma ba irin namu na bakin tekun Ubhur a Jidda ba ne, sanyi gare shi ga iska, ki tafi da rigar sanyi ko da rani ne, mai jiri ta sha magani tun a gida.

Kuɗin bai yi yawa ba in kika juya shi riyal, don haka na ce a je, amma na safe. In da ƙananan yara ne ma a bakin tashar akwai fukma kwance suna sharar bacci kyauta, sai dai kar ki bari yaro ya matsa ko ya taɓa don hoto, suna cizo, kuma tun 2024 aka gano cutar haukan kare a jikin na yankin.