WHDLoad a kan Amiga 1200: ya fasa makullin fulofi, ni kuma na kusa ɗora masa laifin da ba nasa ba

Duk wanda ya saba da canza faifai uku ko huɗu a wasa ɗaya, na'ura tana ta gurnani, shi zai san darajar WHDLoad, manhajar da ke sa wasannin fulofi na tsohuwar kwamfutar Amiga su yi aiki daga babban faifai (hard disk). Na gwada ta a kan Amiga 1200 mai katin ajiya na CF a mazaunin IDE, inda ake jona babban faifai, da ƙarin RAM megabait 8. Wasan da a da sai ka gaji da jira, yanzu kafin ka gyara zama ya buɗe. Gaskiya ban zaci za ta ci galabar Copylock, makullin hana kwafar fulofi, cikin sauƙi haka ba.

Faifan Amiga na yau da kullum kilobait 880 yake ɗauka, layi 80 a kowane gefe, yanki 11 a kowane layi. Masu wasanni da yawa ba sa bin wannan tsari. Wani ya tsawaita layi fiye da abin da na'urar gida za ta iya rubutawa, wani ya canza alamar farkon karatu ta $4489, shi kuwa Copylock na Rob Northen yana auna tsawon lokacin karanta wasu yankuna, ya fitar da wata lamba da wasan ke dogaro da ita. Daɗin daɗawa, wasan yana ture AmigaDOS, tsarin da ke kula da fayilolin Amiga, gefe ne ya yi magana da na'urar fulofi kai tsaye, don haka bai ma san akwai babban faifai ba. Dabarar Bert Jahn, mai WHDLoad, tun 1996 ita ce kowane wasa da ɗan fayil ɗinsa mai ƙarewa da .slave, wanda ke cire gwajin makullin, idan wasan ya nemi layi kaza sai a miƙa masa daga fayil ɗin Disk.1, wato kwafin fulofin da ke kan babban faifai. Wata manhaja mai suna RawDIC ce ke karanto faifan da tsarinsa ya kauce.

To, ga inda rai ya ɓaci. Wani wasa ya shiga lafiya lau, ya buɗe, sai a mataki na biyu hotuna su dagule ya daskare. Kullum a wuri ɗaya. Wanda ya san halin makullan nan dole ya zargi slave, domin wasu makullan an gina su ne su bar ka ka fara wasa, sai can gaba su ɓata shi idan lambar ba ta yi daidai ba. Na sa NoCache, zaɓin WHDLoad mai kashe ma'ajiyar wucin gadi ta furosesa, ba canji. Na tilasta tsarin allo na PAL, ba canji. Har na fara rubuta cewa aikin rabi da rabi ne.

Ashe MaxTransfer ne, wato iyakar bayanan da ake karantowa daga babban faifai a karo ɗaya. HDToolBox, manhajar shirya babban faifai, yakan bar shi a 0xFFFFFF, alhali umarnin karatu ɗaya na IDE ba ya wuce yanki 256, wato kilobait 128. Tsofaffin manyan faifai suna yafe wannan, katunan CF da yawa ba sa yafewa. Ƙananan fayiloli ba sa nuna komai, shi ya sa Workbench, babban allon aikin Amiga, ke tafiya ƙalau, amma Disk.1 mai bait 901,120 yana lalacewa ba tare da wani saƙon kuskure ba. Maganin shi ne a mayar da lambar 0x1FE00 a kowane ɓangaren faifai, ɗaya bayan ɗaya, a danna Enter bayan an rubuta (in ba a danna ba, tsohuwar lambar ce ke dawowa), a adana, a sake tayar da na'ura. Sannan a goge duk abin da aka kwafa kafin gyaran a sake kwafowa, don wanda ya riga ya lalace ba zai warke ba. Da na yi haka wasan ya wuce matakin kamar ba shi ba.

Duk da haka ban wanke ta tas ba. Slave yana duba nau'in faifai, idan naka wani bugu ne da ba a yi aikinsa ba, ko kwafin da wani ya riga ya fasa, sai ya ƙi. Fayil ɗin ADF, wato kwafin fulofi, da aka ɗauko daga faifai mai makulli ma sau da yawa bai isa ba, tunda ADF tsarin yau da kullum kaɗai yake riƙewa. Sai kwafin IPF, mai riƙe har da makullin, ko a karanto ainihin faifan da Greaseweazle, na'urar karanto tsofaffin fulofi. Faifan da ya shekara talatin kuwa, layi ɗaya ya ruɓe aiki ya tsaya.

Sai maganar Kickstart, manhajar da ke cikin ROM ɗin Amiga. Wasu wasannin suna tsayawa da DOS-Error #205, suna neman fayil ɗin Kickstart na Amiga 500, kick34005.A500, a cikin Devs:Kickstarts. Ba ya zuwa tare da manhajar, kai za ka samo halastaccen naka, kuma dole fayil ɗin .RTB ya zauna kusa da shi da suna iri ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne RAM. Ana cewa tana aiki a na'urar da ba a ƙara wa komai ba, kuma haka ne, sai dai megabait 2 ba sa ɗaukar Preload, wato loda wasan gaba ɗaya cikin RAM, na wasa mai faifai da yawa, allo ya riƙa ƙyaftawa duk lokacin da aka koma karatu. Megabait 8 suna magance wannan, amma a kan katunan ƙari marasa nasu furosesa, abin da ya haura megabait 4 yana cin karo da mazaunin PCMCIA, ramin sa kati da ke gefen na'urar. Masu Amiga 500 ko 600 mai furosesa 68000 kuma su sani maɓallin fita daga wasa ba ya aiki sai in slave ɗin kansa ya tanade shi, domin aikinsa a kowane wasa yana buƙatar furosesa 68010 ko sama.