Madarar AR ta jarirai masu tumbuɗi: tana rage wanki, amma ba maganin rama ba ce

A manyan kantuna da shagunan magani na Kano akwai gwangwanin madarar jarirai da ke ɗauke da haruffa biyu, AR, wato "anti-reflux", mai rage tumbuɗi. Kamfanoni irin su Aptamil, Cow & Gate, SMA da Enfamil kowanne yana da tasa. An yi ta ne domin jaririn da ke yawan dawo da abin da ya sha, kuma yawanci ta fi madarar da aka saba tsada. Iyaye kan kai gare ta bayan an je awo an ce yaro bai ƙaru ba, ga tumbuɗi ya hana zani bushewa. Hukuncinmu a kanta shi ne tana yin aiki ɗaya da kyau, wato rage yawan abin da ke fitowa daga bakin jaririn da dama madarar gwangwani yake sha. Duk wanda ya saye ta da fatan ta sa yaro ƙiba, akwai yiwuwar ya kashe kuɗinsa ciwon yana nan.

A inda bututun abinci ya haɗu da ciki akwai wani zoben tsoka da ke rufewa bayan abinci ya wuce. A jariri wannan zobe bai gama ƙwari ba, cikinsa ƙarami ne, abincinsa ruwa ne zalla, kuma yawancin yini a kwance yake. Shi ya sa nono ke dawowa. Aƙalla jarirai 4 cikin 10 suna yin haka. Yakan fara kafin mako 8, ya tsananta wajen wata 4, kuma 9 cikin 10 sun daina kafin su cika shekara. Jaririn da ke tumbuɗi yana wasa, yana fitsari, layinsa a katin awo yana hawa, ba ya buƙatar wannan madara ko kaɗan. Maganar tana canzawa ne idan yana gantsarewa da kuka a tsakiyar sha, yana kawar da kai daga nono, ko nauyinsa ya tsaya.

Abin da ya bambanta AR da sauran madara shi ne an zuba mata abin sa kauri. Ta Aptamil da ta Cow & Gate danƙon ƙwallon bishiyar karob ne a ciki, ta Enfamil sitacin shinkafa, ta SMA ita ma sitaci. Madara mai kauri ta fi zama a ciki, ba ta saurin hawowa. Amma ƙarfin abincin da ke cikinta kusan ɗaya ne da na madarar da aka saba, kalori 66 zuwa 68 a kowane mil 100. Ke nan idan yaro ya ƙaru a kanta, don abin da ya sha ya zauna ne, ba don ta fi gina jiki ba. Kuma ba ta kashe tsamin ciki. Jaririn da ƙuna ke sa shi ƙin sha zai iya daina jiƙa riga amma ya ci gaba da kuka.

Kafin a sayi gwangwani, a fara da lissafi, domin sau da yawa matsalar a nan take. Jaririn da bai kai wata 6 ba yana buƙatar kimanin mil 150 a kowane kilo na nauyinsa a awa 24. Mai kilo 4 ke nan mil 600, idan aka raba sau 8 ya zama mil 75 a kowane sha. A gidaje da yawa cika fida ake yi zuwa mil 150 a ɗura masa, don kaka ta ce kukan yunwa yake yi. Cikin da bai kai ya riƙe wannan ba dole ya mayar da rara. Maganin wannan kyauta ne: a rage yawan kowane sha, a ƙara yawan lokutan, jimillar yini ta tsaya kan lissafin nauyinsa. A dakata a tsakiya a sa shi gyatsa, bayan ya gama a riƙe shi a tsaye a kafaɗa minti 20 zuwa 30. Goyo yana taimakawa tun da a tsaye yaro yake, muddin ba a ɗaure majanyi ya matse masa ciki ba. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin kula da marasa lafiya, a ƙa'idar da ta fitar a 2015, wannan jerin ta bi: a duba yawan abin da ake ba shi, a rarraba shi ƙanana, sai idan duka ba su yi ba a gwada madara mai kauri.

Ga mai shayarwa kuwa, shawararmu a gajarce take. Kada a cire yaro daga nono saboda AR. Nonon uwa ya fi saurin barin ciki, kuma yana kare yaro daga gudawa, wadda a garin nan ta fi tumbuɗi haɗari nesa ba kusa ba. Abin dubawa shi ne yadda yake kama nono: baki a buɗe sosai, haɓa na taɓa nono, ana jin haɗiya. Ma'aikaciyar jinya a wurin awo za ta iya kallon shayarwa guda ta gyara abin da gwangwani goma ba za su gyara ba.

Inda wannan madara ta fi ba da wahala shi ne haɗawa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga madarar gari ita ce a dama ta da ruwan da aka tafasa wanda zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, domin garin madara ba tsarkakakke ba ne, yana iya ɗauke da ƙwayar cuta. Yawancin madarar AR ba ta jure wannan zafi, sai ta yi gudaje. Don haka kamfanonin kan ce a bar ruwan ya huce sosai, wasu ma su ce da ruwan sanyi, sannan masu danƙon karob suna son a ajiye fidar 'yan mintoci ta yi kauri kafin a ba yaro. Abin da wannan ke nufi shi ne kariyar da ruwan zafi ke bayarwa ta ragu, sai tsafta ta cike gurbin. Ruwa dole a tafasa shi ko da fiya wata ne. Fida da kanta da murfinta a wanke da buroshi a tafasa. A dama na sha ɗaya kawai a lokacin da za a sha, abin da ya rage a zubar cikin awa guda. Dabarar dama na dare gaba ɗaya a zuba a filas haɗari ce, balle a watan Afrilu da zafi kan haura digiri 40 kuma ba a da tabbacin wutar firiji. Gwangwanin da aka buɗe a gama da shi cikin mako 4, a rufe shi ruf a ajiye nesa da murhu.

Awon gari shi ma yana ruɗa mutane. Aptamil, Cow & Gate da SMA cokali ɗaya shafaffe ne ga ruwa mil 30. Gwangwanin Enfamil da ya fito daga Amurka cokali ɗaya ne ga mil 60. Cokalin wannan kamfani ba ya aiki a gwangwanin wancan. Ruwa ake fara zubawa, sannan gari. Ƙara cokali don ta ƙara kauri yana jawo ƙishirwa da taurin bayan gida, yana kuma wahalar da ƙoda. Rage cokali don gwangwani ya daɗe kuwa shi ne hanya mafi sauri zuwa rama, kuma tsadar madarar ce ke tura mutane ga hakan. A yi lissafin tun kafin a fara: jariri mai kilo 5 yana shan kusan mil 750 a yini, wato garin madara kimanin giram 100. Gwangwani mai giram 800 ba zai wuce kwana 8 ba, kusan huɗu ke nan a wata. Maigidan da aljihunsa ba zai ɗauki wannan na watanni ba gara ya faɗa wa likita tun farko a nemi wata hanya.

Sai kan fida. Madara mai kauri ba ta wucewa ta ƙaramin rami. Yaro zai yi ta zuƙa, ya haɗiyi iska, ya gaji ya yi barci bai sha rabi ba, a wayi gari madarar da aka saya don ya ƙaru ta rage masa abin da yake samu. A sayi kan fida mai saurin zuba. Kada a faɗaɗa ramin da allura ko reza, domin a nan kuma madara za ta kwararo ya shaƙe. Alamar an dace ita ce ya gama shansa cikin minti 20 ko kusa da haka ba tare da tari ba. Bayan gida zai iya canzawa: danƙon karob kan sa shi laushi da yawan tusa, sitaci kan sa shi tauri.

Akwai haɗin da bai kamata a yi ba. Gaviscon na jarirai, wani maganin tumbuɗi, shi ma kauri yake sa wa abin da ke ciki, idan aka haɗa shi da AR abin zai iya daskarewa ya toshe hanji. Ɗaya ake zaɓa, kuma takardar Gaviscon ɗin da kanta ta hana ba da shi idan yaro yana zazzaɓi, gudawa, ko ana tsananin zafi, abin da ya kamata mai kemis a Kano ya tuna kafin ya miƙa. Haka kuma bai kamata a zuba koko, kastad ko garin kunu a fida don a kwaikwayi AR ba, ko a ba da zuma ko jiƙo. Bakwaini kuwa ba a ba shi kowace irin madara mai kauri sai likitansa ya ce. Barci a rigingine yake, kan shimfiɗa mai faɗi ba matashi, ko da yana tumbuɗi. Cire beli wurin wanzami ba ya tsayar da amai, sai dai ya ƙara ciwon da zai hana shi sha.

Wajen saye, a duba lambar NAFDAC, ranar lalacewa a gindin gwangwani, da takardar azurfar da ke ƙarƙashin murfi. Gwangwani mai lotsawa ko tsatsa, ko wanda ya sha rana a kan teburin bakin titi, a bar shi. Tun da yawancinta daga waje ake shigo da ita, takan yanke a kanti, don haka a tambayi ko za a ci gaba da samun irin wadda aka fara.

Mako biyu sun isa a gane ko ta karɓe shi. A auna shi ranar da aka fara, tsirara, sannan duk mako a kan sikeli ɗaya. A watanni ukun farko ana sa ran ƙarin giram 150 zuwa 200 a mako, da fitsari aƙalla sau 6 a yini. Idan tumbuɗi ya ragu amma layin katin bai ɗaga ba, ba a canza wani gwangwani, asibiti ake komawa. Wasu yaran furotin ɗin madarar shanu ne jikinsu ba ya so, ana gane su da ƙuraje, gudawa ko jini a kashi, kuma AR daga madarar shanu aka yi ta. Wasu ciwon fitsari ne ko na zuciya. Aman da ke feshowa da ƙarfi bayan kowane sha a jaririn mako 2 zuwa 8, musamman namiji, yana iya zama ƙuncewar mafitar ciki, wadda tiyata ce maganinta. Amai kore, amai da jini, kumburin ciki, zazzaɓi, maɗiga da ta faɗa ko ta kumbura, ko yaro ya yi laushi ya ƙi sha, waɗannan ba sa jiran gari ya waye. A nufi sashen gaggawa na yara a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, Asibitin Murtala ko Asibitin Yara na Hasiya Bayero, a tafi da katin awo da gwangwanin da cokalinsa, domin likita zai so ya ga yadda ake damawa.