Mai hayar littattafai na bakin kasuwar Marwa, a Kamaru

Hunturun bana ya kama sosai, da magariba sai bargo da karatu. Wurin wani dattijo nake ɗaukar haya, sefa 100 kwana uku. Shagon ɗan tsukuku ne, ga ƙura, sai ya kaɗe littafi da hularsa kafin ya miƙo.

Yawancin kayansa na soyayya ne daga Kano, masu fitowa kashi-kashi. To nan fa ake yin ta. Na cinye na ɗaya da na biyu, na koma neman na uku, ya ce, "Hajiya, yi haƙuri, wata ta wuce da shi Garwa tun Sallah." Har yau ban san ko an ɗaura auren nan ba!

Amma shi ya ba ni littafin Djaïli Amadou Amal, 'yar garin nan, wanda ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a Faransa a 2020. Faransancina na kame-kame ne, duk da haka "munyal" ɗin da ake ta nanata wa amare, wato haƙuri da Fulatanci, ya hana ni barci. Haƙurin da gwaggonina suka yi mini huɗuba da shi ne sak.

Na mayar da shi da tabon shayi, bai ce uffan ba.